Hoton Bayan Tsamiya

Fim ɗina na farko da aka wanko, babu fuskar mutum ko ɗaya a cikinsa. Akwai jakuna, akwai katangu, akwai dutsen Kwatarkwashi ta gaba da ta gefe, sai kuma ƙeyar mutane iri-iri: ƙeyar mai rake, ƙeyar mai facin taya, ƙeyar wani dattijo yana sauri zuwa masallaci. Abokina mai shagon hoto ya baza hotunan a kan tebur ya yi ta dariya har da riƙe ciki.

"Kai, wanga aiki naka," ya ce, "ko wanzami bai san ƙeyar mutanen Gusau awa kai ba."

Ban ji haushi ba, don gaskiya ya faɗa. Ni mutum ne mai kunya tun ina ƙarami, irin wanda in ya shiga shago ya tarar da mutane sai ya fasa sayen abin da ya kawo shi. A lokacin ba a daɗe da ba mu jiha ba, an kwaso mu ƙananan ma'aikata daga Sakkwato an zube a Gusau, ofis babu isassun kujeru balle aikin yi. Kyamarar kuwa wajen wani abokin aiki na saye ta da zai koma garinsu. Ba don sana'a na saya ba. Gari ne na ga yana canzawa a gaban idona, ana rushe nan ana gina can, ni kuma ina son in riƙe mutanensa yadda na same su. Matsalar ita ce da zarar mutum ya juyo ya dube ni, sai in sauke kyamara in yi kamar ina gyara igiyarta.

Mai shagon nan tare muka yi firamare. Shi Allah ya ba shi baki, zai iya sa matar da ta fito daga gidan rasuwa ta yi murmushi a gaban kyamara. Shi ya koya mini sa fim ba tare da haske ya ƙone shi ba, ya koya mini in bar rana a bayana, ya kuma hana ni ajiye fim a aljihu saboda zafi. A gindin randa nake ajiyewa, cikin gwangwanin madara, matata tana mita wai na mai da mata wurin ruwa sito. Hoto mai kala kuwa ba ya wankewa a shagonsa, Kaduna yake aikawa ta hannun wani direba, sai ya haɗa nawa da nasa. In aka shiga wahalar mai, fim ya kan yi makonni bai dawo ba, har in manta abin da na ɗauka. Idan ya dawo, ni in ɗauki hotunan, shi ya riƙe nagatif, wato baƙin fim ɗin da ake sake wanko hoto daga jikinsa. Ya ce ɗakina akwai gara da laima, nasa akwatin kuwa na ƙarfe ne. Na ga hikimar maganarsa, har godiya na yi masa.

Ban da kunyata, akwai kuma tsoron mutane. Zamanin soja ne, kowa a ɗarare yake da baƙon da ke rataye da wani abu a wuya. A Bungudu wani mai albasa ya bi ni har bakin hanya yana tambaya ko daga ofishin haraji aka turo ni. Wata tsohuwa mai daddawa ta rufe fuska da faifai ta ce in je can in nemi aikin yi. Samari kuwa nasu ya fi ban haushi: da sun hango kyamara sai su jeru, su ƙame, su ɗaure fuska kamar za a yi musu katin shaida. Ni ba wannan nake nema ba. Na kan koma gida da fim ɗina cikakke, in ce wa matata yau haske ne bai yi kyau ba.

A kasuwar shanu ta Tsafe abin ya warware, kuma ba da dabarata ba. Na je ranar kasuwa, ina ta zagaye tun hantsi ban ɗauki komai ba, sai na ji an kira ni daga wata rumfa. Wani tsohon Bafillace ne, dogo, siriri, da sanda a gicciye bisa gwiwa da wata tsohuwar buta a gefensa. Baffa kowa ke ce masa, ni ma haka na ci gaba da kiransa. Rugarsu tana can bayan 'Yandoto.

"Tun ɗazu nike kallonka kana zagaye awa wanda yab ɓadda akuya," ya ce. "Mi kaka biɗa?"

Na yi ta in-ina, na ce hoto nake son ɗauka, amma ba na son in takura wa kowa.

"To zamna. Aje abin ga bisa cinya. Ko shanu ba su sakin jiki da mutum in yana tsaye bisa kansu. Bari su gaji da ganinka."

Na zauna. Ranar ban ɗauki ko ɗaya ba, kasuwa ta gaba ma haka. Na dai sha fura, na saurari ciniki, na koyi bambanta saniyar da ta sha tafiya da wadda aka yi wa kiwon gida. Duk wanda ya tambayi ko ni wane ne, sai Baffa ya ce, "Baƙona na, ɗan birni, bai da lahani." Wannan magana ita ta buɗe mini kasuwar. Sannu a hankali dillalai suka daina sauke murya in na matso, masu nono suka daina juya mini baya. Ranar da na fara ɗaga kyamara a rumfar, babu wanda ya ko waiwayo. Na ɗauki hannaye biyu suna ciniki a ƙarƙashin riga, na ɗauki wani dillali yana rantsuwa da hula a hannu, na ɗauki mahauci yana leƙa bakin bijimi. Da hotunan suka dawo na kai wa kowa nasa kyauta, daga nan har kirana ake yi. Abokina ya juya su a hannu ya ce yanzu na fara zama mutum.

Akwai wani magidanci da ke yawan wucewa ta gaban rumfar, mai kimanin shekara talatin, yana cikin masu rakiyar shanu zuwa kudu. Su ne ke hawa saman babbar mota, su zauna bisa katako a kan shanun kwana da kwanaki, in wata ta faɗi su sauka tsakanin ƙahonni su tashe ta. Aiki ne da ba kowa ke dawowa da ƙafafunsa biyu ba. Na lura duk sanda mutumin nan ya zo wucewa sai ya cire takalmi ya durƙusa daga nesa, Baffa kuwa sai ya kau da kai ya shiga wata magana daban, ko ya tsura wa ƙasa ido. Na ɗauka wani laifi ya yi masa. Wani dillali ne ya raɗa mini cewa ɗansa ne na fari.

Mu ma a gari mun san kunyar ɗan fari. Mahaifiyata har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunan yayana ba. Amma tasu ta fi tamu tsanani nesa ba kusa ba. Baffa ba ya faɗin sunansa, ba ya kallonsa, ba ya tambayar lafiyarsa a gaban mutane. In dole ta kama sai ya ce "wancan". Kuma da wannan ake auna shi. Na sha jin ana cewa a duk rugagen yankin babu mai kunya irin tasa, har ana kafa wa matasa misali da shi.

Na kuma lura da wani abu, ko da yake ban haɗa su ba sai daga baya. Duk ranar da aka gama lodi mota za ta tashi, Baffa ya kan ɗauki butarsa ya ce zai zaga. Wata rana ina neman inda zan samu motar gaba ɗayanta da mutanen da ke samanta, sai na bi ta bayan rumfuna na ɓullo wajen wata tsohuwar tsamiya da ke gefen kasuwa. A nan na gan shi. Yana tsaye ya raɓe da jikin itacen, buta a hannu ruwa na zuba a ƙafarsa bai sani ba, ya ɗaga kai yana kallon ɗansa a saman mota. Leɓɓansa na motsi, hawaye na bin gemunsa. Ban taɓa ganin so a fuskar namiji ƙarara haka ba. Ban yi shawara da kowa ba, har da zuciyata, sai jin ƙarar kyamarar na yi. Hayaniyar injin ta rufe ta, na juya na bar wurin.

Da fim ɗin ya dawo, ban tsaya ɓoye-ɓoye ba. Na jira har rumfa ta watse aka tafi salla, na miƙa masa hoton na gaya masa yadda aka yi. Ya riƙe shi nesa da ido kamar yadda tsofaffi ke yi, ya daɗe yana kallo. Na jira faɗa, ban samu ba.

"Wa yag gani?" ya ce.

Na ce daga ni sai mai shagon da ke kai mini wanki.

"To ku biyu kun isa. Kada a samu na ukku."

Na yi masa alkawari. Ya cire hula ya sa hoton a ciki ya mayar. A saninsa hoto ɗaya ne tak, tunda yana kansa magana ta ƙare. Ni na san ba haka ba ne, don haka ko gida ban biya ba, daga tasha na zarce shagon abokina. Na zayyana masa komai: wane ne tsohon, wane ne na saman motar, da abin da zai faru in hoton ya fita. Ba wani baƙon abu na gaya masa ba, shi ma ɗan fari ne a gidansu, ya san abin sarai. Na ce ya ba ni nagatif ɗin in ƙone.

Ya ce in aka yanke guda a tsakiya sauran za su lalace, kuma akwai hotuna masu kyau a jerin. Ya buɗe akwatin ƙarfen a gabana, ya sa shi can ƙasa, ya kulle, ya dafa ƙirji.

"Wallahi ko matata ba ta ganinai. Haba, ni da kai?"

Na yarda. Mutumin da muka ci ƙosai a takarda ɗaya tun muna 'yan firamare, in ban yarda da shi ba da wa zan yarda?

Ana saura kwanaki babbar salla, lokacin da kasuwar dabbobi ke cika har ba masaka tsinke, na sauka a Tsafe da sabon fim a kyamara. Tun daga bakin hanya na hango taro a gefen da masu nono ke zama. Da na matsa sai na ga labulen abokina, wanda aka zana wa jirgin sama da bene, an ɗaure shi tsakanin sanduna biyu. Dama ya kan fita kasuwannin ƙauye gab da salla, ya kafa labule, ya jingina allon samfuri don jawo masu son hoto. Ban san zai zo Tsafe ba, bai gaya mini ba. A saman allon, sama da hotunan amare da 'yan makaranta, ga Baffa. An faɗaɗa shi ya kai girman faranti, an rufe da leda, an danne da ƙusoshi. Hawayen nan har sun fi fitowa fiye da a ƙaramin.

Na kutsa cikin taron. Makiyaya sun yi cincirindo, wannan na nuna wa wannan. Wani ya gano motar a gefen hoton, ya gano wanda ke samanta, magana ta bazu. Matan suna rufe baki da gefen zane suna kallon juna. Wani sa'an Baffa, cikin abokan wasansa, ya ari buta ya raɓe da sandar labule yana kwaikwayon kuka, aka fashe da dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, kuma wannan bai rage komai ba. Abokina kuwa yana tsakiya, hula a karkace, yana jera samari a gaban labule. Dabararsa ta ci: sun ga nasu a allo, kowa na son a ɗauke shi.

Sai taron ya dare. Baffa ne ya iso, wani ya je ya kira shi wai ya zo ya ga kansa. Ya tsaya a gaban allon da sandarsa a kafaɗa. Ya ɗaga hannu ya taɓa hularsa, kamar mai son ya tabbatar abin da ke ciki yana nan. Sannan ya juyo, idonsa ya sauka a kaina. Ya ratsa mutane ya bi hanyar fita kasuwa, bai ko koma rumfa ya ɗauki butarsa ba.

Ni da ban iya tambayar farashin albasa da ƙarfi ba, ranar duk kasuwar Tsafe ta ji muryata. Na fizge hoton daga allon har ƙusa ta yage mini yatsa, na kira abokina maci amana a gaban kowa, na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta su a nan ba. Shi ko gezau. Ya jawo ni gefe yana murmushi kamar mai lallashin yaro.

"Mi yai zahi haka? Hoto mai kyau awa wanga a bar shi cikin akwati? Kuma ban ɓoye ba, duk wanda yat tambaya na ce mai kai kad ɗauka. Sunanka nika ɗagawa."

Wannan ta fi komai ƙona mini rai. Wato bai tsaya ga karya rantsuwarsa ba, sai da ya bi mutum ɗaya-ɗaya ya sanar da su cewa baƙon Baffa, wanda ba shi da lahani, shi ne ya laɓe ya ɗauki tsohon. Har yau in na tuna murmushin nan sai in ji ɗaci a bakina. Bai taɓa ganin ya yi laifi ba. Washegari na je shagon na kwashe nagatif ɗina kaf a buhun leda, yana ta ce mini in na huce in dawo. Ban koma ba. Mun ci gaba da haɗuwa a wajen ɗaurin aure da jana'iza, mu yi musabaha kamar kowa, iyakarta ke nan.

Bayan salla na hau mota zuwa 'Yandoto, na ƙarasa rugar da ƙafa. Baffa ya karɓe ni da mutunci, wanda na gwammace duka a kansa. Aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo nono mai sanyi. Ya tambaye ni hanya, ya tambaye ni aiki, ya tambayi iyali. Duk sanda na buɗe baki zan shiga maganar sai ya tambayi wani abu, ko an yi ruwa a Gusau, ko gero ya sauko. Da na ga zan tashi ban faɗa ba, sai na yi ta maza na ce na zo neman gafara ne, na ce an rantse mini aka karya, na ce na ƙone nagatif ɗin da hannuna. Ya saurara har na gama.

"Ba komi, Malam," ya ce. "Kai dai kac ce mani ku biyu ɗai kunka gani."

Ya sa aka raka ni har bakin hanya da ƙwaryar man shanu. Ina tafe ina jin nauyinta, don na san sallama ce.

Bai sake zuwa kasuwar Tsafe ba. In yana da dabbar sayarwa sai ya aiko ƙanensa. Rumfar tana nan, wasu suka gaje wurin zamansa. Ni ma babu wanda ya kore ni, amma da na matso sai murya ta sauka, masu nono su gyara zama su ba ni baya. Na koma inda na fara, sai dai yanzu ba kunya ke hana ni ɗaga kyamara ba. Duk da haka na ci gaba da zuwa, ina ce wa kaina wata rana zan tarar da shi a rumfa.

Wata ranar kasuwa, damina ta fara nisa, ina tsaye kusa da inda ake lodi, sai na ji an yi mini sallama ta baya. Ɗan nasa ne. Ba mu taɓa magana ba. Ya naɗa rawani ya rataya 'yar jakarsa, an gama ɗaure shanu, direba na ɗumama inji. Na shirya jin duk abin da zai faɗa mini, don yana da hakki. Amma ba ni yake kallo ba, idonsa na can gefen kasuwa.

"Malam, yau ma bai zaka ba ko?"

Na ce ban gan shi ba.

Ya gyaɗa kai. "Can yaka tsayawa, bayan tsamiya. Tun tahiyata ta hwarko." Ya gyara igiyar jakarsa. "Ni ban taɓa waiwayawa ba. Na san ran da duk yag gane na sani, ya bar zuwa."

Direba ya danna ham. Ya kama ƙarfen motar ya haye, ya taka katako ya samu wurinsa a saman shanun. Sauran 'yan rakiya duk sun fuskanci gaba, inda za su. Shi ya zauna ya ba hanya baya, yana kallon tsamiyar, har motar ta hau kwalta.